In fitilar mai ta kama, kilomita nawa suka rage?

Makiyayi ya san nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya. Ba ya kora garke sai ya duba salkarsa. Manomi ya san damin da ya rage cikin rumbu, ya san ko zai kai shi kaka. Amma in aka zo shiga mota, mutane da yawa ba su tambayar komi. Su biya kuɗi, su zauna, su bar sauran ga direba. Alhali mota ma tana da rumbunta, shi ne tanki. In abin da ke ciki ya ƙare, inda take nan za ta tsaya, ko cikin gari ko tsakiyar daji.

A gaban direba akwai allura mai nuna yawan mai. Kusa da ita akwai ƴar fitila, ja ko ruwan ɗorawa. In ta kama, tanki ya kusa ƙasa ke nan. A yawancin motoci, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ko cikin goma ba. Ƙaramar mota mai tankin litir 50 takan rage da kamar litir 5 zuwa 6. Irin wannan mota tana shan kamar litir 8 a kilomita 100 bisa kwalta. Ke nan za ta iya ƙara kilomita 60 zuwa 80. Daga Maraɗi zuwa Tasawa kusan kilomita 120 ne. Wanda fitilarsa ta kama a bakin garin Maraɗi, ba zai kai Tasawa ba.

Wannan lissafi kuwa na kwalta ne, da mota mai lafiya, da kaya kaɗan. Motocin da ke zuwa ƙauyukanmu ba haka suke tafiya ba. Rairayi suke bi. Bisansu akwai buhunan hatsi, da awaki, da mutane har kan kaya. Cikin rairayi inji yana wahala kamar jakin da aka yi wa kaya fiye da kima. Sai ya sha mai da yawa, wani lokaci har ninki biyu. In mota ta kafe, ana ta ba ta wuta ana turawa, mai yana ƙonewa, tafiya ba ta ƙaru ba. Wani abu kuma: in mai ya yi ƙasa, mota ta hau tudu ko ta karkace, ɗan abin da ya rage yakan koma gefe guda. Sai inji ya mutu, ga kuwa sauran mai cikin tanki.

Ga misali. Wani magidanci, ɗan makarantar yaƙi da jahilci, ɗiyarsa ta kwana da zazzaɓi. Da safe ya yi shatar motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya don a kai ta asibiti. Asibitin yana nisan kilomita 55, hanya duk rairayi. Da aka tada mota sai ya ga fitilar tana ci.

Ya ce: «Malam direba, litir nawa suka rage?»

Direba ya ce: «Kamar takwas, Baba. Kada ka damu, za ta kai mu.»

Ya ce: «Cikin rairayi nawa take sha?»

Direba ya ce: «Ashirin a kilomita ɗari.»

Magidancin ya durƙusa, ya zana lissafi a ƙasa da yatsa. Litir 20 a kilomita 100, wato litir 1 na kai kilomita 5. Litir 8 sau 5, kilomita 40. Hanya 55 ce. Saura kilomita 15, ba gari, ba inuwa, ga yarinya ba lafiya. Ya nuna wa direba. Direba ya duba, bai yi gardama ba. Aka sayi litir 5 wurin mai sayarwa a kwalba, sannan aka kama hanya. Lissafin da ya koya don awon gyaɗa, shi ya yi masa aiki ran nan.

Direba ba mugu ba ne. Mai ne ya yi tsada, shi kuwa da ribar yini yake saye. Tun 2011 ana tace man ƙasarmu a matatar SORAZ ta jihar Damagaram. Duk da haka, garuruwan bakin iyaka sun daɗe suna dogara da man kwalba mai fitowa daga Najeriya. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, sai kuɗin kwalba ya hau. Shi ya sa direbobi da yawa ke sayen kaɗan kaɗan, suna tafiya da fitila kunne.

Wannan tsimi kuwa asara ne. A motocin yanzu, famfon da ke tura isansi yana cikin tanki, kuma man ne ke sanyaya shi. In kullum tanki na ƙasa, famfo zai yi zafi ya mutu da wuri. Datti da ruwa ma a gindin tanki suke kwanciya, su toshe matata. Motar gazuwal ta fi wuya. In ta shanye sarai, iska na shiga bututu. Ko an zuba sabon mai, sau da yawa ba ta tashi sai an fitar da iskar.

In fitila ta kama ana tsakiyar hanya, akwai dabara. Direba ya rage gudu, ya riƙe tafiya ɗaya, kamar kilomita 60 zuwa 70 a awa bisa kwalta. Ya kashe na'urar sanyi. In an tsaya jiran wani, ya kashe inji. Amma kada ya kashe shi a gangare don tsimi, domin birki da sitiyari suna yin tauri, abin ya zama haɗari. Gidan mai na farko da aka gani, nan za a tsaya. Kada a ce sai na gaba.

Hanyar arewa ta fi kowace neman hankali. Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, daga Tawa zuwa Agadas kusan 400. Garuruwa nesa suke da juna. A can, tsayuwar mota maganar rai ce. A watan Oktoba na 2013 an sami gawar mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, da dama daga ƙasar Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Motar da manta ya ƙare, haka ita ma take tsayawa. Mai bin wannan hanya ya tabbata akwai jarkar mai ta ƙari, a rufe da kyau, nesa da taba da ashana. Ya riƙe ruwan sha mai yawa.

Duk mai mota ko babur yana iya sanin cin injinsa. Ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita da ke gabansa. In ya sake cikawa, ya rubuta sabuwar lamba da litir ɗin da ya zuba. Ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba, ya raba da yawan litir. Abin da ya fito, shi ne tafiyar litir ɗaya. Ya yi haka sau ɗaya bisa kwalta, sau ɗaya cikin rairayi, ya aje takardar cikin mota.

Wanda ba shi da mota ma yana da haƙƙin tambaya, tunda ransa da na iyalinsa ke ciki. Abu uku zai tambaya kafin a tashi: nisan hanya, man da ke cikin tanki, da inda za a sami wani. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya kai kowa gida lafiya.