Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Wa 'Yata

Bayan godiya ga Allah Mai kowa Mai komai, ya zama wajibi in fito fili in gode wa bayin Allah da suka tsaya mana a jinyar 'yata, tun da ba ni da abin da zan biya su.

Da kai zan fara, Likita, kai da ke duba masu ciwon gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Kano. Kafin mu zo gabanka yarinyar nan ta sha maganin maleriya da na taifot ba iyaka, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Da safe yatsunta kan sandare, ko zaninta ba ta iya ɗaurawa, gashinta kuwa sai bin mataji yake. Ka dubi tabon da ya rufe kumatunta biyu ya haye karan hanci, ka tambaye ta ko shiga rana na tsananta shi, ko fitsarinta na yin kumfa. Daga nan ka tura mu gwajin jini na ANA da wasu, sakamako ya nuna cutar lufus.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ka yi kana fahimtar da mu da Hausa, ga layi a waje. Ka ce garkuwar jiki kamar maigadi take, sai an horar da ita ta san 'yan gida. Ana wannan horo a cikin ɓargo da wata 'yar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus. Ƙwayoyin garkuwar da suka nuna za su far wa jiki a can ake hallaka su, waɗanda suka zille kuma akwai wasu ƙwayoyin da ke tsawatar musu. Idan tsarin ya sami tangarɗa, sai garkuwar ta juya kan fata da gaɓoɓi da ƙoda. Binciken waɗannan ƙwayoyi masu tsawatarwa ne ma, na ji daga baya, ya sa aka ba Shimon Sakaguchi na Japan da wasu Amurkawa biyu kyautar Nobel a 2025.

Likita, ba ka san wutar da bayaninka ya kashe ba. Dangi sun riga sun fara nuna uwargidanta da baki, ana ta raɗe-raɗin jifa ne. Ke kuwa Hajiya uwargida, kina jin duk abin da ake faɗa, amma ke kika goya jaririyarta, ke kike ware mata miya mai ƙarancin gishiri saboda ƙoda. Allah ya saka miki da Aljanna, ya shirya miki zuriya.

Na gode wa malamar jinya da ta ja mana kunne cewa kada a tsayar da maganin firedinisolon rana guda don fuska ta kumbura, sai dai likita ya rage shi a hankali. Haka shi ma mai kemis ɗin unguwa da ke ajiye mana haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, wani watan har bashi yake ba mu.

Lufus ba ta warkewa fes, lallaɓa ta ake yi da magani da gwajin fitsari da duba ido. Yanzu yarinyar ta koma girkinta, ba ta fita rana sai da lema. Cikin mutum 10 masu wannan cuta kusan 9 mata ne, galibi masu shekarun haihuwa, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Iyaye da mazaje, idan zazzaɓi ya ƙi jin magani, ga ciwon gaɓoɓi ga zubar gashi, ku roƙi likita ya duba garkuwar jiki tun ciwon bai kai ga ƙoda ba.