Ranar da na bar Tsoho a Kangiwa na bi jirgi

1/
Jiya wani ya ɗora bidiyon bikin wasan jiragen sama na wani ƙaramin gari a Amurka, irin wanda ake fita da iyali a baje a fili ana kallon jirage suna juyi a sama suna zubo hayaƙi kala-kala. Ya rubuta a ƙasa wai "mu me muke da shi?" Na so in wuce, amma abin ya tsaya mani a rai har dare. Bari in ba ku labarin kakana. Zaren da ɗan tsawo, mai ƙaramar data ya yi haƙuri. 🧵

2/
Ni ɗan Daura ne, cikin gari. Kakana na wajen uba maƙeri ne. Ba mai walda ba fa, maƙerin zugazugi da uwar maƙera da masaba. Mu jikoki Tsoho muke ce mashi. Ni kuma "aboki" yake ce mani, in ya so tsokana ya ce "ɗan boko mai hannun biredi", don ko minti biyar ba na iya yi ina zuga wuta.

3/
Da damina aikinsa fartanya da garma da lauje. Amma da sallah ta matso sai maƙerar ta koma ta dawaki: linzami, likkafa, ƙaimi. Masu kula da dawakin hakimai su zo daga Zango, Baure, Sandamu, Mai'aduwa, kowa da ƙarfen da ya karye bara ya ajiye sai yanzu ya tuna. Tsoho ya yi ta faɗa, ya kuma yi aikin.

Bayan ƙira kuma ɗan tauri ne. Nan labarin yake.

4/
Ga waɗanda ba 'yan gida ba: a Daura hawa ba na sallah biyu kaɗai ba ne. Akwai ƙaramar sallah, akwai babba, sannan akwai Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda mu a wajenmu ita ce ta gida. Lokacin ne za ka ga baƙi har daga Damagaram sun shigo ta Kwangwalam, gidaje sun cika, ana kwana a zaure. Akwai kuma Hawan Magajiya, wanda sunansa ma ya ishe ka tuna cewa garin nan mata sun mulke shi kafin zancen Bayajidda da rijiyar Kusugu.

5/
Abin da kuke gani a hotuna shi ne Sarki ƙarƙashin laima, da Galadima, da Ƙaura, da hakimai cikin alkyabba, da 'yan lifidi da 'yan sulke. Da kyau wallahi, ban ce babu ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya tun daga farko har ƙarshe ya san kusan rabin hawa a ƙasa yake tafiya. 'Yan bindiga, 'yan baka, maharba, 'yan tauri, mahauta, maƙera, dogarai, zagage, makaɗa da maroƙa.

6/
Kuma kowa da kiɗansa. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, tambari da kakaki na Sarki ne shi kaɗai. Muna yara, kafin ka hango komai cikin ƙura kunnenka ya riga ya gaya maka su wa ke tafe. Har musu muke yi a kai, wanda ya faɗi ya sayi rake.

7/
Abin da ban gane ba a lokacin: mutanen nan ba haya aka yi su don su ƙawata biki ba. 'Yan'uwan juna ne na shekara da shekaru. In ɗayansu zai aurar da ɗiya su ke haɗa gudummawa. In biyu sun saɓa, babbansu ke zaunar da su kafin magana ta kai ga mai unguwa. In ɗaya ya kwanta ciwo su ke zuwa da ganye da saiwa. Ranar hawa ce ranar da suke fitowa gari ya gan su tare, su ma su ƙirga kansu, su ga wa ya rage.

To mai tambayar "me muke da shi", ga ɗaya.

8/
Yanzu bari in faɗi abin kunyata. Ni kunyar Tsoho nake ji.

A ajinmu akwai waɗanda iyayensu ke hawa doki, bayan sallah su zo da hoto an naɗa masu ɗan rawani. Ni nawa kakan a ƙasa yake, da warki, da guraye da layu har wuya, yana ihu yana goga wuƙa a ciki. Wani ya taɓa tambayata a makaranta ko shi ne kakana, na ce a'a, maƙwabcinmu ne. Allah Ya yafe mani.

9/
Kuma gidanmu ma ba baki ɗaya ba ne a kan abin. Babana ya bar tauri tun yana saurayi, bayan ya fara zama wajen karatu, ya ce akwai abin da ke cikin layun nan da bai yarda da shi ba. Shi da Tsoho ba su taɓa yin gardama a gabanmu ba, kowa ya kama bakinsa. Ni ma yau ba zan ce maku duk abin da ke cikin tauri daidai ne ba. Amma tsakani da Allah ba wannan ya sa nake ɓuya ba. Ni dai doki nake so.

10/
Sai 2015 ta zo, Buhari ya hau mulki, Daura ta samu wani sabon abin kallo: jirgi mai saukar ungulu. Duk wanda ya yi yarinta a garin nan tsakanin 2015 da 2023 ya san ƙarar nan. Kana cikin cin tuwo ka ji ta daga nesa, ka ajiye kwano. Kafin babbar sallah da bayanta sai su yi ta zirya, baƙi na zuwa gaisuwa suna komawa. Mu wannan ne wasan jiragenmu. Ba mai hayaƙi kala-kala, ƙura ce kawai, amma ta ishe mu.

11/
Babbar sallar 2018. Za ku tuna ta, ita ce wadda Buhari ya taka da ƙafa daga filin idi zuwa gida aka ce mita 800, 'yan Twitter suka kwana suna faɗa a kai. Ina da shekara 13.

Daren sallah Tsoho ya kira ni zaure. Ya miƙo mani jakarsa ta fata da gorar ruwa, ya ce, "Aboki, gobe kai za ka riƙe mani."

12/
Ku gane me wannan ke nufi. Kowane dattijo a cikinsu yana da yaron da ke binsa a baya da jaka da ruwa. Yawanci ɗa ne ko jika. Ba a ce maka ka shiga tauri ba, ba a ba ka komai ka sha ba. An dai nuna ma sauran cewa gidan nan da saura. Shekaru yana fita ba kowa a bayansa tun da babana ya janye. Ni duk ban san wannan lissafin ba, abin da na sani shi ne 'yan ajinmu za su gan ni.

13/
Washegari muka fita. Rana ta ɗan yi sanyi, an yi ruwa kwana biyu kafin nan don haka ƙurar ba ta kai ta Gani ba. Tsoho na gaba, ƙafa ba takalmi, makaɗinsu na binsa yana zuga shi. Mutumin da a gida sai ya dafa bango yake tashi, ga shi yana tsalle. Mata a kan soraye suna guɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ja hula har gira.

14/
Mun kusa shiga Kangiwa, filin ƙofar fada, inda kowace ƙungiya ke tsayawa ta yi gaisuwa ta nuna abin da ta iya, sai na ji ƙarar. Ta taso ta bayan gari, ƙasa-ƙasa, har dawakai suka fara zabura. Yara suka ɗaga kai gaba ɗaya. Wani abokina ya fizgi rigata ya ce, "Biyu ne! Zo mu je!"

Ban yi tunani ba. Ko in ce na yi, na sakan ɗaya. Na cusa ma wani yaron unguwarmu jakar da gorar na ce riƙe mani yanzu zan dawo.

15/
Mun yi gudu kamar za mu mutu. Silifas ɗina ɗaya ya tsinke na cire na riƙe a hannu. Da muka isa, masu tsaro sun tare hanya tun daga nesa, ɗaya ya ɗaga bulala muka ja baya. Abin da na gani duka-duka: farfela tana rage gudu ta saman kawunan mutane, da wasu masu babbar riga suna shiga mota. Shi ke nan. Ko minti uku ba a yi ba.

16/
Kafin in dawo su Tsoho sun wuce.

Yaron da na ba jaka shi ya ba ni labari, yana haki don daɗi. Wai Tsoho ya shiga tsakiyar fili ya yi kirari har muryarsa ta dushe, ya sa wuƙa a ciki ya ja, ta lanƙwashe, aka yi ta liƙa mashi kuɗi. Da ya gama ya juyo ya miƙa hannu a ba shi ruwa. Ya ga ba ni ba ne. Ya kalli yaron, ya kalli bayansa, ya karɓa ya sha.

17/
Da dare na raɓe a ƙofar zaure ina jiran faɗa. Ya ɗago ya ce, "Aboki, jirgin ya gaishe ka?" Ya yi dariya har da tari. Sannan ya zaro naira 200 cikin kuɗin da aka liƙa mashi ya ba ni, ya ce ladan rabin hanya ne.

Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi wallahi.

18/
Ganin shekarar bai fita ba, ƙafa ta kumbura. Cikin sanyin nan ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Ranar jana'iza abokan taurinsa suka zo, ba kiɗa ba guraye, fararen riguna kamar kowa. Su suka ɗauki makara, in wani ya matso zai karɓa su ce bari. Bayan addu'ar bakwai babbansu ya tambayi babana, cikin ladabi, wa za a bar ma jakar. Babana ya yi shiru. Suka juyo suka kalle ni. Na kalli ƙasa.

19/
Daga baya na karanta wani abu da ya ɗan ba ni dariya. A 1925 an yi ma Yariman Ingila gagarumin hawa a Kano, sarakuna suka taru da dawakai. Cikin shekarar dai, ranar 1 ga Nuwamba, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano, kuma a filin wasan dawakai suka sauka don babu filin jirgi. Wato shekara 100 ke nan jirgi na sauka a wurin doki yara na kwasa da gudu. Na tabbata ranar ma akwai wanda ya yar da jakar kakansa. Bai rage mani komai ba, amma aƙalla ba ni na fara ba.

20/
A 2020 korona ta hana hawa. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, muka yi ta murna, har mu da ba Kanawa ba. Amma ku duba hotunan da aka yi ta yaɗawa ranar. Doki, doki, rawani, doki. Hawan doki ba zai mutu ba, don kullum akwai mai kuɗin da ke son a gan shi a sama. Na ƙasan ne ba wanda ke neman gadonsu.

21/
Maƙerar Tsoho yanzu shagon walda ce, ɗan baffana ke yin ƙofofi da tagogi, kuma yana samu, ban ga laifinsa ba. Ganin da ta wuce na tsaya daidai inda na tsere. Ƙungiyarsu da a da ke cika titi, na ƙirga su da yatsu ban gama hannu biyu da rabi ba. Dattijai uku na gani ba yaro a bayansu, kowa ya rataya gorarsa da kansa.

22/
Filin jirgin kuwa, can aka yi ma Buhari sallar jana'iza ranar 15 ga Yulin 2025. Na je. Karon farko da na taka cikinsa ke nan ba wanda ya ɗaga mani bulala. Fili ne kawai.

23/
Jakar tana wajena. Babana bai ba ni ba, bai kuma hana ni ba, na ɗauko ta daga kan ƙusa ya ga na ɗauka. Ban buɗe layun ba, ba kuma zan sha komai ba. Amma na je na gaida babbansu, ya tsufa sosai, na ce in Allah Ya kai mu Gani ina so in riƙe mashi ruwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ne na jirgi?"

Ashe duk sun sani. Shekara bakwai.

24/
Ga roƙona. Ranar nan ta 2018 waya ta yi yawa a Kangiwa, na san wani ya ɗauka. In kai ɗan Daura ne ko ka zo hawan babbar sallar shekarar, don Allah duba tsohuwar wayarka, ko Facebook ɗinka, ko na yayanka. Washegarin sallah, wajen la'asar, 'yan tauri. Dattijo ne dogo, baƙi, farin gemu, ba takalmi, yatsansa ɗaya na hagu ya gajarta saboda masaba. A bayansa akwai yaro da jar riga riƙe da gora. Yaron ba ni ba ne.

Ko sakan goma ne a turo mani ta DM. Ban taɓa ganin wasan nan ba.