Alƙalamin Manaja Ma Mudu Ne



Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibaina na Islamiyya yanzu manajoji ne a manyan kantuna. Duk ƙarshen shekara sukan tambaye ni yadda za su zauna da ma'aikaci su auna aikinsa ba tare da sun zalunce shi ba.

Nakan fara musu da Suratul Muɗaffifina. Mun saba jingina tauye mudu ga mai awon gero kaɗai. A ganina, manajan da ya lissafa giɓin wata ɗaya na mai karɓar kuɗi, ya manta da watanni 11 da lissafinsa ya cika cif, shi ma ya tauye mudu. Abin da yake aunawa kuwa albashi ne, abincin iyalin wani.

Binciken ma'aikaci yana da asali. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka. Sayyidina Umar (RA) kuma yakan tara gwamnoninsa lokacin Hajji ya binciki riƙon amanarsu.

Don haka, ɗan'uwa, ka keɓe da ma'aikacinka. Ka zo da abin da ka rubuta tun farkon shekara, ban da jita-jita. Ka bar shi ya kare kansa kafin ka sa hannu. Ɗan garinku da baƙo, mudu ɗaya.

Kai ma akwai ranar da za a buɗe maka littafinka. Allah Ya sauƙaƙa mana hisabi, amin.