Hoton Yamma a Tsibirin Sawakin

Duk wanda kakansa ya tafi Makka da ƙafa, watakila ya taɓa jin sunan Sawakin. Wani ɗan tsibiri ne a bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan, kamar mil 36 kudu da Port Sudan. A zamanin da, nan alhazanmu kan sauka su jira jirgin da zai haye da su Jidda. Da Turawa suka buɗe tashar Port Sudan a 1909, sai ciniki ya koma can, attajirai suka bi shi, gari ya zama kango.

Na kwana uku a wurin da kyamarata. Kowace la'asar nakan bi 'yar hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu, in sami wuri a bakin ruwa in zauna. Ba ka jin kome sai ƙarar ruwa, sai kuwa kyanwoyi masu yawo cikin kangaye.

To, mai karatu, sani cewa a Sawakin rana ba ta faɗawa cikin teku, domin teku yana gabas. Bayan duwatsu take ɓuya, can yamma da gari. Tana yin ja ne saboda haskenta a lokacin yana ratsa iska mai yawa kafin ya iso ido, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, jan ya saura. Wanda ya auna kyamara sosai ga rana, zai sami jan sama mai kyau, amma duk abin da ke ƙasa zai fito baƙi ƙirin. Idon mutum yana iya ganin haske da duhu gaba ɗaya, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya.

Saboda haka ni nakan juya wa rana baya, in fuskanci gidaje. Da dutsen murjani aka gina su, wanda ake haƙowa daga teku, waɗansu hawa biyu, waɗansu uku. Irin wannan dutse sai da shafen farar ƙasa a kai a kai. Da aka daina shafe, iska mai gishiri da ruwan sama suka shiga cinsa, bango ya riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da tsakar rana farinsu yana kashe ido, hoto ba ya nuna kome. Amma in rana ta yi ƙasa, haske ya zo daga gefe, sai kowace tsaga da kowane zane na bakin ƙofa su fito sarai, bango ya yi launin zuma. A ganina wannan shi ya fi cancantar hoto, gama jan sama yana nan gobe, amma bangon da ya jingina ba shi da tabbas. Turkawa sun gyara masallatai biyu na tsibirin, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, amma yawancin gidajen tarin duwatsu ne.

Lokacin kuwa kaɗan ne ƙwarai. Daga ɓuyar rana zuwa duhu bai fi kamar minti 20 ba, ga kuma Magariba ba ta jira. Da na ji kiran salla daga tudu, sai in goge gishirin da ya hau gilashin kyamara, in sa ta a jaka, in nemi ruwan alwala.