Rariyar da Ba Ta Jin Hausa

Shekarar da muke shirin bak aka kawo ma lise ɗinmu kwamfuta 20. Wata ƙungiya ce daga waje ta bayar. Aka share wani aji da ake jibge karyayyun tebura a ciki, aka sa mashi ƙofar ƙarfe da fanka biyu, ranar buɗewa har da makaɗa. Abin da ba a faɗa mamu ba ran nan shi ne intanet ɗin ya zo da rariya a bakinshi. Duk shafin da ka nema sai ya bi ta cikinta. In ta ga kalmar da ba ta so, allo ya yi ja, a rubuto maka accès refusé, da lambar na'urar da kake zaune gabanta.

Mu ɗalibai ba mu yi mamaki ba, ai mun saba da hani tun daga gida. Abin da ya ɗaure mani kai daga baya shi ne, malamanmu ma da rariya guda ake tace su da mu. Kalmar sirrin da ke buɗe ta tana hannun wani ma'aikaci a Yamai, fiye da kilomita 600 daga inda muke, mutumin da ko dirakta bai taɓa ganin fuskarshi ba.

Ga yadda na gano haka. Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke ce ma Tanti, ta ja ni gefe wata Lahadi muna wanki. Ta ce ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, wata biyu ke nan, ba ta faɗa ma kowa ba, ko mijinta. "Ke da kike ƴar lakwal," in ji ta, "ki duba mani cikin abin nan naku, ko mine ne. Amma kar ki gaya ma yaya." A lokacin ba ni da salula tawa. Ta gidanmu ta yayana ce, kuma da in rubuta wannan kalma a salularshi gara in mutu. Sai na jira ranar Talata, awar da ajinmu ke shiga ɗakin kwamfuta tare da mushen SVT.

Na zauna na'ura ta can ƙurya, na rubuta boule dans le sein. Allo ya yi ja. Na sake da cancer du sein, ja. Yaron da ke kusa da ni ya leƙo, ya ga kalmar ƙarshe kaɗai, ya taɓa na kusa da shi, kafin ka ce me dariya ta zagaya layin. Har yau in na tuna ina jin zafin kunnuwana.

Mushe ya taso. Dattijo ne, ya kusa ritaya, ya koyar da wasu daga cikin iyayen waɗanda ke dariyar. Ya dubi allon, ya dubi yaran, dariya ta mutu. Na ce da ƙaramar murya, "Mushe, ya ƙiya." Ya ce, "Ni ma haka shike ƙiya mani, ɗiyata. Darasin haihuwa ma da alli nike zana shi." Sai ya ciro salularshi daga aljihu, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, ya miƙo mani, ya ce in je bakin taga inda rezo ya fi ƙarfi. Bai tambaye ni don me ba. Bai tsaya bisa kaina ba. Da kuɗin aljihunshi ya sayi forfen da na ƙone, malamin da albashinshi kan yi latti.

Abin da na karanta bai da yawa: akasarin irin wannan ƙullutu ba kansa ba ne, amma ba a ganewa da hannu, sai an je asibiti, kuma jinkiri shi ne babban haɗari. Wannan kaɗai na kai ma Tanti, shi ne ya sa ta yarda ta tahi. An yi mata aiki, an cire, tana nan da ranta tana faɗa da mu a kan wanke-wanke.

Na daɗe ina juya wannan rana. Mutum ne da gwamnati ta danƙa ma yara sama da 70 a aji guda. An yarda ya ba mu maki da zai iya ɗaga mu ko ya kayar. An yarda ya kore mu daga aji, ya kira iyayenmu, ya tsare mu ranar jarrabawa. Amma ba a yarda ya riƙe haruffa takwas da za su buɗe shafin likita ba. Shi kuma, wanda ba a yarda da shi ba, ya yarda da ni, yarinya mai shekara 18, ya sa mani duniya duka a tafin hannu ya juya baya.

Sai da na zo jami'a na fara karatun kimiyyar harshe na samu sunan abin da ya faru. Rariyarmu irin mai aiki da jerin kalmomi ce: an ba ta lissafi, tana neman haruffa, ba ta neman ma'ana. Kuma cutar tsohuwa ce. A ƙarshen 1995 kamfanin AOL na Amurka ya hana kalmar da ke nufin nono da Ingilishi, sai matan da ke fama da kansar nono suka wayi gari ba su iya ambaton ciwonsu. Ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya janye. A 1996 kuma ya hana mutanen wani gari na Ingila mai suna Scunthorpe buɗe akwati, don haruffa huɗu a tsakiyar sunan garin sun yi daidai da wata ashar. Har yau sunan garin ake kiran wannan matsala da shi. Kenan abin da ya same ni a ƙuryar aji ya girme ni.

A shekarar farko ana koya mamu cewa kalma ba ta ɗauke da ma'anarta kamar yadda tulu ke ɗauke da ruwa. Muhalli ne ke ba ta. Ɗan Hausa bai buƙatar Saussure ya gaya mashi wannan. Ɗauki "ci". Ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, kasuwa na ci, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci, kuma akwai wani cin da ba zan rubuta cikin ɗan littafin da ƙannenmu za su ɗauka ba. Ɗauki "gindi": gindin kuka, gindin murhu, gindin magana, sai ɗayan. Buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ka ga yadda "ci" kaɗai ta cinye wuri. Rubutunmu ma bai nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "kuka" a takarda tana iya zama itace, ko hawaye, ko ku da kuka zo jiya. Wace na'ura mai lissafin kalmomi za ta raba wannan gardama?

Abin dariyar shi ne rariyarmu ba ta jin Hausa ko kaɗan. Samarin ajinmu sun gano haka cikin sati guda. Duk ashar da ka rubuta da Hausa wucewa take salin alin, sai Faransancin likita ne ake tarewa a ƙofa. Wani lokaci nakan ce gara da ba ta ji ba. Da an koya mata Hausa da irin wannan hankali, da ta fara da hana "nono", da fura ta zama haram a intanet.

To, kar a ce na ce a cire rariya. Ina da ƙane ɗan shekara 12, na kuma san abin da ke yawo a salulolin ƴan ajinsu, na gani da idona, ban yi barci ba ran nan. Makaranta ba fada ba ce. Akwai abin da bai kamata yaro ya ci karo da shi ba don kawai ya yi kuskuren harafi. Kuma kar a ce na ce duk malami waliyyi ne. Mu mata mun san wanda ba a zuwa buronshi ke kaɗai, ana gaya ma sababbi tun satin farko, baki da baki. Sai dai wannan mutumin, hana shi kalmar sirri bai kare kowa daga gare shi ba. Ba kwamfuta yake buƙata ba. Wanda hanin ya ɗaure shi ne mai son koyar da darasin haihuwa da hoto mai kyau. In malami bai cancanci mabuɗi ba, bai cancanci aji ba, kuma wannan shari'a ce ta mutane, dirakta da iyaye da sufeto, waɗanda suka san shi.

Ko a Amurka, inda doka ta 2000 ta tilasta ma makarantu da ɗakunan karatu masu karɓar wani tallafin gwamnati su sa rariya, dokar ta bar ƙofa: wanda aka ba izini yana iya ɗage ta ga babban mutum mai bincike na halal. Da maganar ɗakunan karatu ta je kotun ƙoli a 2003, wannan ƙofa tana cikin abin da ya sa dokar ta tsaya. Mu an kawo mamu katangar, an bar ƙofar a can. Ban ce da mugunta aka yi ba. Na fi zaton wanda ya haɗa na'urorin ya ji tsoron ranar da za a ce yara sun ga wani abu a kwamfutar ƙungiyarsu, sai ya kulle ya tahi da mabuɗi. Tsoronshi ya kwanta, mu muka biya.

Da aka ce kowa ya kawo rubutu don wannan fitowa, wata ƙawata ta ce, ke kullum ƙorafi, rubuta abin da ke sa ki farin ciki mana. Na zauna na lissafa, sai na ga abin mamaki: rabin lissafin dangin salular mushe ne.

Akwai mai shayin bakin ƙofar makwancinmu. In bursu ta yi latti, kuma takan yi, sai ya zuba mani shayi da burodi ya ce, "In ta zaka kin biya." Ba shi da littafin bashi. Na taɓa tambayarshi yadda yake tunawa, ya ce shi bai tunawa, mu ke tunawa. Akwai wata malamarmu da ta ara mani littafinta na tsarin sauti, wanda ta sayo da kuɗinta daga waje, ba ta rubuta sunana ko'ina ba. Na yi wata uku ina kwana da shi cikin leda don tsoron ruwa. Akwai ranar da mahaifiyata za ta tahi biki ƙauye ta ciro mabuɗin ɗakin hatsi daga bakin zanenta ta ba ni, ba yayana ba. Ban taɓa jin na girma ba kamar ran nan, ko ranar da sakamakon bak ya fito.

Sauran rabin ba ruwansu da kowa, nawa ne kawai. Furar dala 20 da rana tsaka a watan Afrilu, da nono mai tsami kaɗan, a sha a gindin bedi. Ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ƙetare gadar Kennedy da ƙafa gab da magariba, kogi ya yi ja, masu wanki suna naɗe kaya. Ranar da na fara yin ciniki da Zabarmanci daga farko har ƙarshe mai kopto ba ta juya zuwa Hausa don tausayina ba.

Wanda ya fi duka shi ne motar komawa gida. Daga Yamai har Doso kunnena baƙo ne. Daga Dogon Dutsi sai Hausa ta fara shigowa ta taga, amma ba tawa ba tukuna. A Ƙonni masu talla suna "ya zaka", "ya tahi", ina rubutawa a bayan tikiti kamar mahaukaciya. A Galmi warin albasa ya cika mota. A Madawa a sayi kilishi don tsaraba, a cinye rabi kafin a isa. Sai can wajen Gidan Runji wata tsohuwa ta shigo ta ce wani abu da irin karin da kakata ke magana, sai in ji wuyana ya saki. Shekara uku ina karanta yadda ake auna karin harshe, har yau ban iya faɗin ainihin abin da kunnena ke kamawa a wannan lokaci ba, kuma ina jin daɗin da ban iya ba.

A hutun da ya wuce na bi ta tsohon lise ɗinmu. Ɗakin kwamfuta na nan da ƙofarshi ta ƙarfe. Mai gadi ya ce shida ke tashi cikin 20, intanet kuwa tun da kwangilar ƙungiyar ta ƙare aka yanke. Yara duk da salula a aljihu, ba rariya ba komi, wasu ma sun fi ni sanin VPN. Mushe ya yi ritaya. Na same shi ƙofar gidanshi bisa tabarma yana gyara rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da shekarar ajinmu, na ce ni ce wadda ya ba salula. Ya yi shiru yana dubana, ya ce wallahi bai tuna ba, yara da yawa ya ba. Sai ya tambaye ni abin da nike karantawa. Na ce kimiyyar harshe. Ya ce, "To, madalla. Ana samun aiki da ita?" Muka yi dariya, ya aiki jikarshi ta sayo mamu fura.