Fiyanon da ba fiyano ba

1/ Jama'a, yau ina so mu taɓa zancen abin nan da muke kira "fiyano" a situdiyo. Da shi nake cin abinci, shi ya sa duk sanda aka ce shi ya kashe kiɗan gargajiya sai abin ya tsaya mini a rai. Ku biyo ni.

2/ Da farko ma ba fiyano ba ne. Fiyano na gaske wayoyi ne a cikinsa, 'yan guduma ke dukansu. Shi wannan babu waya, babu fata, lantarki yake juyawa ya zama sauti. Sunansa synthesizer. Robert Moog na Amurka ya fito da nasa a 1964, a 1970 aka yi Minimoog wanda mutum zai iya ɗauka. Yamaha DX7 ta biyo baya a 1983.

3/ Mu nan ƙananan Yamaha PSR ne suka shigo mana. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sun mamaye waƙoƙin fim a Kano. Wanda ya yi zamanin Sangaya ya san sautin da nake nufi.

4/ Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Yaro ɗaya da janareta yana yin aikin makaɗa biyar. Na san mai kalangun da ya gaji sana'ar tun daga kakansa, yanzu A Daidaita Sahu yake ja saboda an daina kiransa biki. Wannan ba abin dariya ba ne.

5/ Amma ku je ku saurari Mamman Sani na Nijar. A 1978 ya naɗi kaset da organ mai lantarki ƙirar Italiya, ya zuba karin waƙoƙin Sahel a ciki. Rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A 2013 Sahel Sounds suka sake fitar da shi, duniya ta ji. Na'urar ta Turawa ce, kunnen kuwa namu ne.

6/ Matsalarmu lalaci ne. Kalangu magana yake yi: a matse tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauka, kamar yadda Hausa take hawa da sauka. Yawancin manyan na'urorin nan suna da ɗan gare a hannun hagu mai lanƙwasa sauti haka. Mu nawa ne muke taɓa shi? Sai dai mu danna kiɗan da kamfani ya ajiye, mu ɗora murya, shi ke nan.

7/ Ni dai dokar da na kafa wa kaina: duk waƙar da ke buƙatar kalangu, mai kalangu zan kira, in biya shi haƙƙinsa, na'ura ta bi bayansa. Abokan sana'a, ku gwada ko sau ɗaya, za ku ji bambanci. Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka.