Allurar ƙarshe

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san gudun wuƙa. Akuya ta ci leda, cikinta ya kumbura, ta kwanta tana shure-shure, sai ka ji an kwala kira a nemo mai yanka kafin ta yi mushe. Ba wanda ke kiran wannan zalunci. Amma fa gaggawar ta nama ce. Jakin da ya tsufa ya kasa tashi, ko karen farautar da gyambo ya cinye, waɗannan ba a yi musu gudu. A ja su bayan gari ko bakin juji, su yi kwana uku suna nishi, mu ce mun bar wa Allah ikonsa.

Zamana a Yanbu ne ya sa na fara duba wannan al'ada tamu da wani ido. Garin cike yake da kuliyoyi, a kasuwar kifi ta Yanbu al-Bahr, a bakin Bahar Maliya, har cikin tsararrun unguwannin Yanbu al-Sina'iyya da hukumar masarauta ta fara ginawa bayan 1975. Mutane da yawa na ajiye musu ruwa a ƙofar gida lokacin zafi, wanda a nan yakan zo da gumi mai toshe numfashi. Wasu kuma mage 'yar gida ce, tana da suna da katin asibiti. Da farko abin dariya yake ba ni, ni da na taso ana ce mana baƙar mage da dare ba mage ba ce.

Maƙwabciyata dattijuwa ce, jikar Hausawan da suka zo aikin hajji suka zauna, Hausarta ta gauraye da Larabci. Magenta ta haura shekara 16 lokacin da ƙodarta ta gaza. Ciwo ne da ya yi yawa a tsofaffin kuliyoyi, kuma ba ya warkewa, sai dai a ja kwana. Wata biyu ana yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ana ba ta abinci na musamman. Daga baya ta daina ci, bakinta ya yi miki, ta koma ɓuya a bayan firji. Likitan dabbobi ya ce mage na ɓoye ciwo, idan ta nuna shi a fili to ya yi nisa. Ya kawo zancen allura.

Hajiya ta kira ni. "'Yata, ke da kike karatu, duba min. Kada in je gaban Allah da alhakin ran mage."

Tsoronta yana da tushe. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ci ba sha. Sai dai laifin matar nan azabtarwa ne, kuma abin da ke gaban Hajiya shi ne wanne ya fi kusa da azaba, allurar ko jiran. Abin da ya ba ni mamaki, amsar tana cikin littafin da malamanmu ke karantarwa a zaurukan Kano da Zariya. Mukhtasar na Shehu Khalil, a babin yanka, ya halatta a yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, kuma Dardir a sharhinsa ya ba da misali da jaki da alfadari. Shafi'awa sun fi tsananta, suna hana hakan, don haka saɓani ne na gaske. Amma mu da muke bugun ƙirji da Malikiyya, mazhabarmu ta daɗe da ba jakin juji mafita, mu ne ba mu ɗauka ba. Ɗan Adam kuwa hukuncinsa daban, babu malamin da ya buɗe wannan ƙofa, kada wani ya haɗa.

Aikin kansa bai kai minti goma ba. Allurar farko ta sa ta barci. Ta biyu, pentobarbital, maganin sa barci ne da ake ba da shi fiye da kima ta jijiya, numfashi ya tsaya, zuciya ta biyo baya. Likitan ya riga ya gaya mana idonta ba zai rufe ba, don kada Hajiya ta ɗauka tana jin wani abu. Tana kan cinyarta har aka gama. Muka naɗe ta a tsohon mayafi, jikanta ya haƙa rami.

Da na ba Ummana labari ta waya, sai da ta yi salati. "Kuɗi a kan mage? Mutane na kwance a asibiti babu na magani!" Ban musa mata ba, gaskiyarta ce, kuma ita ce hujja mafi nauyi da na ji. Na dai ce mata allurar ita ce mafi araha cikin duk abin da aka kashe, kuma muna da likitocin dabbobi, Jami'ar Ahmadu Bello na yaye su duk shekara. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko ana yi wa jaki, don na mai kawo musu itace ya kwana biyu a kwance.